Kafin ka miƙa makullin mota, duba tayoyinta

Wai me ya sa na hana ka sakin Lexus ɗin can sai an biya, alhali tsohuwar Fijo ta Alhaji na bar ta ta fita ba ko sisi? Kai yaro, matsalarku ke nan 'yan zamani, idonku a kan fenti yake tsayawa. Ajiye sifanar nan ka ji.

Wani ya taɓa shigo mini da Prado baƙa wuluk, gilashi mai duhu. Shadda na ƙara, turare ya riga shi fitowa daga mota, waya biyu a hannu yana ta "ranka ya daɗe" da wani da ban ji muryarsa ba. Giyabos ne ya tashi aiki. Ya ce, "Oga, saka mai kyau, kuɗi ba matsala ba ne." Da ƙafata na je kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa na karɓo ɗan Beljiyam na N400,000 bashi, da sunana, don mutanen can ni suka sani, ba shi ba. Muka sauke, muka ɗora, mota ta koma tana sauya giya kamar sabuwa. Ranar karɓa ya haska mini waya, ga shaidar ya tura kuɗi, wai banki ne ke jan ƙafa. Har ya ba yara na shan ruwa, ɗan banza! Ya tada mota ya fice. Kuɗin nan har yau suna hanya.

Da na bi sawu, ashe motar ma ba tasa ba ce. Wurin wani dila ya karɓo da sunan yana da mai saye, ya dinga yawon ɗaurin aure da gidajen 'yan siyasa da ita yana farautar kwangila. Da ya kashe giyabos, sai ya nemi wanda zai gyara masa a banza kafin ya mayar. Babur ɗina na sayar na wanke sunana a kasuwa. Wallahi duk na ga baƙar Prado sai raina ya ɓaci.

Yadda ake rubuta lissafin aiki da karɓar kafin alƙalami ba sai na koya maka ba, wawa ma ya sani. Abin da ba ku yi shi ne kallo. Durƙusa ka duba taya: huɗu, kowace da kamfaninta, lambobi huɗun nan na gefe masu nuna mako da shekara sun ce ta tsufa tun tuni. Zaro sandar baƙin mai ka murza a yatsa. Kunna makulli ka ga inda allurar fetur ta kwanta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, nawa ka gani da jif suna tafe gilashi a sauke, gumi na zuba, don tsoron kunna na'urar sanyi?

Shi kuwa Alhaji, 504 ɗin nan haɗin Kaduna ce, ta girme ka. A Dawanau tirela yake lodawa da masara da riɗi. Baƙin mansa bai taɓa wuce lokaci ba, kuma gobe bayan La'asar yaronsa zai kawo kuɗin cif, ba sai na kira ba.

Tashi ka ciro makullin Lexus ɗin ka kawo mini nan. In mai Lexus ɗin ya zo yana ɗaga murya, ka ce Oga ya ce sai kuɗi sun shiga asusuna na gani da idona.