Ƙugin ampli: kar ka sayi bafil tukuna

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena, na saurari saƙonka. Ka ce amplinka, na'urar ƙara sauti, na ƙugi, da dare kuma sauti ya riƙa fashewa, wai wane bafil, wato sifika, za ka saya a kasuwar Dole. Riƙe kuɗinka. Bafil ba ya ƙugi don kansa, abin da aka ba shi yake fitarwa. Kuran, wato wutar lantarki, za ka duba.

Kuran namu volt 220 ne, yana kai da komo sau 50 a sakan. Wannan "huuum" mai kauri da kake ji, shi ne ke ratsowa cikin sauti. Ko a'a, bari in gyara: in manyan kondansatar na cikin ampli, masu tace kuran, ne suka bushe, ƙugin sau 100 a sakan za ka ji, ya ɗan fi siriri. Zafin Damagaram kuwa cinye su yake.

Da dare ka ce ko? To, lokacin kowa ya kunna fanka da firigo, kuran ya faɗi. In ya sauko 180, ampli mai babban taransfo, abin da ke sauke masa kuran, zai rasa wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Kai kuma ka ƙara murɗawa, sauti ya fashe, ƙaramin bafil na sama ya ƙone. Regilatar zai ɗaga maka kuran, amma ba ya wanke dattin da ke kawo ƙugi. 

Ondilar, mai mayar da wutar batir kuran gida, wannan ya taɓa ƙona min rai. Wani bawan Allah daga Birni sau uku yana kawo min ampli. A shagona shiru, a gidansa zzzz. Har a fada ya ce na canja masa kaya. Ni! Na hau kabu-kabu da kuɗina na je, ashe ondilar ɗin panon hasken rana ne mai araha, kuransa ba mai santsi ba ne, tsalle-tsalle yake kamar matakala. Muka jona a kuran gari, tsit. Wallahi har yau bai ce min yi haƙuri ba. Shekara biyu ke nan, muna haɗuwa a masallaci.

To, yau da dare cire duk wayoyin da ke shiga ampli, bar shi da bafil kawai. In ya yi shiru, mayar da su ɗaya-ɗaya, ka sa kunne sosai kan ta dekodar da cajar waya. In bai yi shiru ba, ɗauko min ƙugin a murya in ji.