Me ya sa siririn filafilina ke karkarwa a ruwa?

Tambaya: Malam, ina tuƙa kayak, wato ƙaramin kwalekwale na mutum ɗaya, a tafkin Lagdo da ke arewacin Kamaru. Filafilina na katako ne, siriri irin na mutanen tsibirin Girinlan da ke can arewacin duniya. Da zarar na ja sai ya kama karkarwa, damatsana kuma su gaji. Ina matsalar? Daga mai karatu a Garwa.

Amsa: Ɗan'uwa, kana tsoma shi a miƙe ne, kuma kana ja kafin ya nutse. Faɗinsa bai cika wuce santimita 9 ba, don haka ƙarfinsa a tsawonsa yake. Karkata gefensa na sama gaba kaɗan, ka tsoma shi kusa da gwiwa, ka bari ya nutse har ruwa ya kusa taɓa hannunka, sannan ka ja. Idan ka ji yana ɓulɓul, iska ya shiga da ita, ka yi gaggawa ke nan.

Babban yatsa da manuni su zagaye mariƙin, sauran ukun su kwanta kan tushen fefen, wato faffaɗan ɓangaren da ke shiga ruwa, ba da matsewa ba. Gajiyar damatsa kuwa daga ja da hannu kaɗai take. Juya ƙugu da ƙirji tare, ka taka da ƙafar ɓangaren da kake ja, ka fitar da filafilin bayan ya ɗan wuce ƙugunka.