Ɗalibata ta jefa kwandala sau 10 ta samu kai 7: littafi ne ya yi ƙarya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da lissafi a ƙaramar sakandare. Na gaya wa yara cewa yiwuwar kwandala ta faɗi a kan kai rabi ce. Da suka gwada, wata yarinya ta jefa sau 10 ta samu kai 7, baya 3, ta ce littafi ƙarya yake yi. Na ce ta ci gaba, ai baya zai zo ya rama. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ko kuskure na koyar?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Littafin bai yi ƙarya ba, yarinyar ma ba ta yi laifi ba. Rabin nan yiwuwar lissafi ce, wato abin da lissafi ya ce a sa ran gani, 7 cikin 10 kuwa yiwuwar gwaji ce, wato abin da ya fito da aka gwada, kuma ba dole su haɗu a jifa 10 ba. Jifa 10 na iya fitowa ta hanyoyi 1,024. Guda 252 kacal ke ba da biyar da biyar, wato ƙasa da kashi 25 cikin 100. Waɗanda fuska ɗaya ke fitowa sau 7 ko fiye kuwa 352 ne. A aji mai yara 30, ki sa ran kusan goma za su ga irin abin da ta gani.

Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar nan taki, "rama". Ita nake so ki janye, don kullum sai na ci karo da ita, har a bakin manya masu takardun digiri. Kwandala ba ta da ƙwaƙwalwa, ba ta san abin da ya faru a jifan baya ba, kuma ba ta ci bashin kowa ba. Ko kai ya fito sau 6 a jere, jifa na bakwai rabi da rabi ne, daidai da na farko.

To ta yaya gwaji ke matsowa kusa da rabi? Yawa ne ke shanye rarar, kamar ɗigon tawada a cikin kogi. Ɗauki 7 ɗin yarinyar, ki ƙara jifa 1,000 da suka ba da kai 500. Kin samu 507 cikin 1,010, kashi 50.2 ke nan. Baya bai rama komai ba, rarar tana nan, nauyinta ne ya ragu. Wannan ce ƙa'idar da aka wallafa wa masanin lissafi Jacob Bernoulli a 1713. Wani masanin lissafin, John Kerrich, yana tsare a Denmak lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya zauna ya jefa kwandala sau 10,000, ya samu kai 5,067. Ki duba da kyau: tazarar kai da baya ta kai 134, ta ninka ta yarinyarki nesa ba kusa ba, amma kason ya tsaya a 50.67.

Abin yana ƙona mini rai ne saboda da wannan tunanin 'yan damfara ke cin abinci. Su ne masu cewa lamba kaza ta daɗe ba ta fito ba, lokacinta ya yi, kawo kuɗi. A 1913, a gidan caca na Monte Carlo da ke Monako, a wata caca da ƙwallo ke faɗawa kan launin ja ko baƙi, baƙi ya fito sau 26 a jere, mutane suka yi ta zuba dukiya a kan ja suna jiran ramuwa, suka tashi a tutar babu. Yaron da ya ji "zai rama" daga bakin malamarsa yana ɗan shekara 12, da me zai kare kansa idan ya kai 20?

Akwai wurin da abin da ya wuce ke tasiri, kada yara su rikice. Jaka mai ƙwallaye ja 3 da shuɗi 2, aka ciro ja ba a mayar ba, yiwuwar ja ta sauka daga 3/5 zuwa 2/4, domin kayan cikin jakar sun canza. Kwandala kuwa fuskokinta biyu suna nan a kowane jifa.

Gobe ki koma aji ki ce musu kin gyara maganarki. Kowa ya jefa sau 20, ya rubuta ainihin abin da ya gani; wanda kika kama yana goge 14 ya mayar da shi 10 don ya yi daidai da littafi, ki tsayar da shi nan take. Sai ki tattara sakamakon a allo, na yaro ɗaya, na biyar, na goma, na ajin duka, suna lissafa kason kai a kowane mataki. Yarinyar da ta ƙaryata littafin, ita za ki miƙa wa alli.