Tsakanin Ruɓewa da Taɓarɓarewa a Alƙalamin Marubuci

Malama, kin tambaya ko daidai ne ki rubuta cewa "harkar ilimi ta ruɓe", tunda wanda ya duba miki labarin ya soke kalmar ya sa "ta taɓarɓare". Na daɗe ina tace rubutun mutane kafin a kai shi maɗaba'a, kuma abin da zan ce shi ne duka biyun Hausa ce ingantacciya, sai dai hukuncin da kowace take yankewa daban ne.

Bahaushe yakan ce abu ya ruɓe ne idan yana da ɗanyantaka ko laima a jikinsa, kamar nama da mangwaro da haƙori da gawa. Duk wanda ya shiga kasuwar 'Yan Kaba a Kano lokacin zafi ya ga yadda masu kayan gwari suke zazzage kwando, suna tsince tumatirin da ya yi laushi ya fara tsiyayar da ruwa, domin sun san idan ya kwana cikin 'yan'uwansa, kafin gari ya waye rabin kwandon ya tashi aiki. Wannan hoton ne kalmar take ɗauke da shi duk inda aka kai ta: ɓarna ce mai wari, mai cin na kusa da ita, wadda kuma ba a gyara ta sai dai a zubar. Saboda haka marubucin da ya ce wata ma'aikata ta ruɓe, ko ya sani ko bai sani ba, ya gaya wa mai karatu cewa ɓarnar daga cikin mutanenta ta taso, kuma babu sauran abin cetowa.

Taɓarɓarewa ba ta kai nan ba. Abu ne da ya saki, ya rasa mai kula, amma ana iya tallafarsa ya miƙe. Shi ya sa 'yan jarida da gidajen rediyo suka fi riƙe ta a labarai, su ce taɓarɓarewar tsaro ko ta tattalin arziki, su bar ruɓewa ga masu sharhi da mawaƙa, waɗanda aikinsu ya ba su damar yin hukunci. Lalacewa kuwa ta fi kowace faɗi, har ta kan bar wa abu ɗan mutunci, kamar yadda karin maganar nan ta nuna, wai komai lalacewar masa ta fi kashin shanu.

Inda na fi ganin tuntuɓe shi ne wajen busassun abubuwa. Ƙarfe tsatsa yake yi, katako gara ke cin sa, ganuwa zaizayewa take yi, burodi kuma ya yi fumfuna. Ƙasusuwan da suka daɗe a ƙasa rududdugewa suke yi, kuma da wannan kalmar ake jin malaman tafsiri suna fassara aya ta 78 ta Suratu Yasin. Gaskiya ne mutane kan ce "ruɓaɓɓiyar mota", amma wannan gori ne, ya dace da bakin fasinjan da ransa ya ɓaci a cikin labari, ba da muryar mai ba da labarin ba. Idan kuma mutum ɗaya ne ya ɓaci cikin jama'ar kirki, akwai baragurbi, wato ƙwan da kaza ta kwanta a kai bai ƙyanƙyashe ba, kalmar da a ganina marubutan yanzu ba sa mora yadda ya kamata.

Game da jimlarki, ki koma ga abin da kika nuna a shafukan da suka gabace ta. Idan mai karatu ya ga malami yana karɓar kuɗi don ƙara maki, shugaban makaranta ya sani ya kau da kai, iyaye kuma su ne masu kawo kuɗin, to ki mayar da "ta ruɓe", kuma kada ki maimaita ta fiye da sau ɗaya a babin. Idan kuwa abin da ke ciki rashin kujeru ne da yoyon rufi da jinkirin albashi, gyaran da aka yi miki shi ne daidai.