Tambayi Likita: wace tsoka ce ke jawo numfashi?

Tambaya: Salamu alaikum likita, ina wuni ina aiki. Ni saurayi ne ina koyon kokawa, kullum da asuba muna gudu mu zagaya filin kokawa, to in na gaji sai in ga na duƙa na dafa gwiwa ina haki, jijiyoyin wuyana duk sun tashi, abokina ya ce wai ƙirjina ne bai cika ba in dinga ɗaga ƙarfe. Kuma babana mai asma shi ma haka yake zama in ta taso mishi. Dan Allah mi ke jawo iska cikin ƙirji, kuma gaskiya ne faɗin ƙirji na ƙara numfashi? Daga mai karatu a unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara ma baba lafiya. Abokinka ya kalli ƙirji daga waje ne, naman nan da ke kumbura in an ɗaga ƙarfe aikinshi motsa hannu ne, mai jawo iska yana can ciki ba a ganinshi.

Ka tuna ranar layya in an buɗe cikin rago, akwai wani faffaɗan tantanin tsoka da ya raba huhu da zuciya a sama, hanta da tumbi a ƙasa, to mu ma muna da shi, a likitance sunanshi diyafaram. Kamar ƙwarya aka kife, gefenshi na manne da haƙarƙarin ƙasa da ƙashin baya da ƙarshen ƙashin ƙirji, ɓangaren dama ya ɗan fi tudu saboda hanta ce a ƙarƙashi, kuma akwai manyan ƙofofi 3 inda hanyar abinci da manyan jijiyoyin jini 2 ke wucewa. Shi huhu ba ya da ƙarfin jan iska da kanshi fa, wannan tsokar ce in ta ɗaure sai ta sauka ƙasa, kogon ƙirji ya ƙara girma, iska ta faɗo ciki, kamar dai zugazugin maƙeri. In kana zaune lafiya lau saukar ba ta wuce santimita 1 zuwa 2, iskar da ke shiga wajen rabin lita ce, misalin ledar piya wata guda, babban mutum na yin haka sau 12 zuwa 20 a minti, kuma kaso mafi yawa na aikin ita kaɗai ke yinshi. Wani abin da har gobe yake ba ni mamaki, jijiyar da ke ba ta umarni daga wuya ta taso, daga gaɓa ta 3 da ta 4 da ta 5 na ƙashin wuya, shi ya sa karayar wuya a hatsarin kabu-kabu ke iya tsaida numfashi alhali ƙirjin ko ƙwarzane babu. Shaƙuwa ma wannan tsokar ce ke fizga.

Sai ƴan taimako. Haƙarƙari 12 ne kowane gefe, tsakaninsu akwai fili 11, kowane fili da siraran tsokoki, na wajen sun karkato ƙasa ta gaba kamar yadda kake zura hannu aljihu, su ke ɗaga haƙarƙari sama da waje irin yadda mariƙin bokiti ke tashi. Fitar da iska kuwa in ana hutawa ba a wahala, saki kawai suke huhu ya koma da kanshi.

To abin da ka gani a wuyanka, waɗannan na ko-ta-kwana ne. Akwai na gefen wuya masu ɗaga haƙarƙari na 1 da na 2, akwai doguwar nan da ta taso daga bayan kunne ta sauka kan ƙashin ƙirji, akwai wata ƙarama ɓoye ƙarƙashin naman ƙirji da ta haɗa haƙarƙari na 3 zuwa na 5 da allon kafaɗa. In ka dafa gwiwa kafaɗa ta tsaya cik, sai tsokar ta samu madogara ta ja haƙarƙari sama, ka ga jikinka dabara yake yi, ba rauni ba ne. Ka ci gaba da gudunka, shi zai ƙara maka juriya, ƙarfe kuma ka ɗaga don damtse.

Amma maganar baba daban ce kuma ita ta fi damuna wallahi. Kai bayan gudu ne, shi yana zaune ba abin da ya yi, in har wuyanshi na aiki yana dafe gwiwa, ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja iska, ko leɓe ya canza launi, a shaƙa mishi maganinshi a kama hanyar asibiti nan take, kar a ce sai gari ya waye, balle a lokacin ƙurar hunturu. Yara ma haka, in ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki lokacin jan numfashi, ko ɗan wata 2 zuwa 11 na numfashi sau 50 ko fiye a minti, ɗan shekara 1 zuwa 5 sau 40, ciwon huhu ake tsoro. Ka gaida min baba, kuma ka duba ko abin shaƙarshi bai ƙare ba.