Manhajar sayayya ta gane ba hannunki ba ne

Hajiya, kin ce ɗanki ya ɗauki wayarki a shago, nan Sabon Gari, zai yi odar takalmi, sai manhajar ta nemi lambar tabbatarwa, alhali ke ba ta tambayarki. Lafiyarta ƙalau. Wasu manhajojin suna koyon hannun mai waya: saurin buga haruffa, yadda yatsa ke jan allo, har karkatar wayar a tafin hannu. Ke a natse kike dannawa, yaro kuwa da gaggawa. Da ta ji baƙon hannu, sai ta tsare kuɗinki.

Wallahi abin ya kwanta mini, domin ɓarawo yakan saci lambar sirri, amma kwaikwayon yatsanki sai ya sha wuya. Ki dai tambayi masu manhajar me suke tarawa a kanki. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba ki wannan dama.