Ga ɗan'uwan da ya yi tambaya a kan Triniti: Allah ɗaya ne ko uku?

Ɗan'uwa, salama a gare ka. Na karanta tambayarka, inda ka ce kana shirin karɓar baftisma a Cocin Katolika amma koyarwar Triniti, wato cewa Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ta tsaya maka a rai, musamman tun ranar da wani abokin aikinka ya tambaye ka yadda za a yi ɗaya da ɗaya da ɗaya su ba da ɗaya, ka rasa abin da za ka ce masa. Ka kuma nemi sanin ko Maryamu tana cikin ukun, da dalilin da ya sa Yesu ya ce Uba ya fi shi girma idan har daidai suke. Ni ba fada ba ne, katikis ne, kuma na shafe shekaru masu yawa ina koyar da ajin masu shirin baftisma, saboda haka abin da zan rubuta maka na samo shi ne daga karatu da kuma tuntuɓen da na sha a gaban ɗalibai.

A shekaruna na farko ina da wani misali da nake ji da shi ƙwarai. Nakan ce wa ɗalibai Allah kamar ruwa ne, wanda wani lokaci yake gudana, wani lokaci ya daskare ya zama ƙanƙara, wani lokaci ya tashi ya zama tururi, alhali duk abu ɗaya ne. Ɗalibai sukan gyaɗa kai, ni kuma in koma gida ina ganin na gama da magana. Wata rana wani tsohon fada ya shigo ajin ya zauna a bencin baya, bai ce uffan ba har aka tashi. Ina cikin goge allo ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, ranar da aka yi wa Yesu baftisma a Kogin Urdun, wa ke tsaye cikin ruwa, kuma muryar wa aka ji daga sama?" Na amsa masa. Ya ce, "To, a Getsamani fa, da yake addu'a gumi na zuba, da kansa yake magana?" Nan na tsaya da tsumma a hannu, domin na gane cewa abin da na daɗe ina koyarwa shi ne ainihin ra'ayin Sabeliyus, wanda Ikilisiya ta ƙi tun ƙarni na 3, wato cewa Allah guda ne da yake sauya kama, yau Uba, gobe Ɗa, jibi Ruhu. Idan haka ne, addu'ar Yesu ta zama wasan kwaikwayo, ƙaunar da ke tsakaninsa da Uba kuma ta zama ƙaunar kai.

Abin da ya fara warware mini zaren shi ne bambanta tambayoyi biyu da Hausa ma take bambantawa, wato "mene ne?" da "wane ne?". Idan aka nuna ka aka ce mene ne wannan, amsar ita ce ɗan Adam ne. Idan aka ce wane ne, sai a faɗi sunanka. Ikilisiya tana koyar da cewa idan aka yi tambayar farko game da Allah, amsa guda ce tak, ba ta rabuwa ba ta kuma ƙaruwa: zati ɗaya, iko ɗaya, nufi ɗaya, ɗaukaka ɗaya. Idan aka yi tambaya ta biyu kuwa, amsar ita ce Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. Uba ba shi ne Ɗa ba, Ɗa ba shi ne Ruhu ba, amma kowannensu cikakken Allah ne, ba sulusin Allah ba. Da Ikilisiya ta ce Allah ɗaya ne kuma Allah uku ne a fuska guda, da maganar ta ci karo da kanta, kuma da abokin aikinka ya yi gaskiya. Ba ta faɗi haka ba, domin ɗayantakar tana amsa tambaya guda, ukun kuma suna amsa wata.

Sai dai a nan ma akwai rami. Mu 'yan Adam idan mu uku ne, kowa da jikinsa da tunaninsa da abin da yake so, har ma mukan saɓa. Ba haka abin yake ga Allah ba, shi ya sa nake ɗari-ɗari da kalmar "mutum" idan ana fassara wannan koyarwa, tunda a kunnen mai jin Hausa mutum ɗan Adam ne mai kai da ƙafa. Abin da kaɗai ya bambanta ukun shi ne dangantakarsu da juna: Uba ba daga kowa yake ba, Ɗa haifaffe ne daga Uba, Ruhu Mai Tsarki kuma yana fitowa ne daga Uba da Ɗa. Ban da wannan, duk abin da Uba yake, shi ne Ɗa yake, shi ne kuma Ruhu yake. Lissafin tarawa yana aiki ne a kan abubuwa masu iyaka da za a iya jerawa gefe da gefe a ƙirga, Allah kuwa ba ya jeruwa.

Wani zai ce, me ya kai Kirista ga wannan wahala tun farko? Amsar ita ce ba su zauna sun ƙirƙiro ta don nishaɗi ba. Almajiran farko Yahudawa ne da suka tashi da kalmar da ke cikin Maimaitawar Shari'a 6:4, cewa Ubangiji Allahnsu Ubangiji ɗaya ne, kuma Yesu da kansa ya maimaita ta a Markus 12:29 a matsayin farkon umarni. Ba su taɓa sakin wannan ba. Amma kuma sun ga Yesu yana gafarta zunubi, sun ji ya ce shi da Uba ɗaya ne, sun ji Toma ya kira shi Ubangijinsa da Allahnsa bai kuwa tsawata masa ba, sannan a ranar Fentikos Ruhu ya sauko musu. A Matiyu 28:19 an umarce su su yi baftisma da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma ka lura "suna" aka ce, ba "sunaye" ba. Koyarwar Triniti ƙoƙari ne na riƙe duk waɗannan tare ba tare da an zubar da ko ɗaya ba. Gaskiya ne kalmar kanta ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, kuma kada ka yi gardama idan aka faɗa maka haka. Tiyofilus na Antakiya ya yi amfani da kalmar Girkanci mai nufin uku wajen shekara ta 180, Tartuliyan na Kartaj a arewacin Afirka kuma shi ne ya kawo ta cikin Latin a farkon ƙarni na 3. Bangaskiyar ta riga sunan, kamar yadda yaro yake riga sunansa zuwa duniya.

Rikici mafi girma ya taso ne a Iskandariya ta Masar, inda wani fada mai suna Ariyus ya koyar da cewa Ɗa halitta ne, mafi girman halittu kuma na farkonsu, amma akwai lokacin da babu shi. Maganar ta yi farin jini domin tana da sauƙin shiga kai. A shekara ta 325 Sarki Kwanstantin ya tara bishop-bishop a Nikiya, garin da yau ake kira Iznik a ƙasar Turkiyya, kuma a can ne aka tsayar da kalmomin da muke furtawa kowace Lahadi, cewa Ɗa Allah ne daga Allah, Haske daga Haske, haifaffe ba halittacce ba, zatinsa ɗaya da na Uba. Za ka ji masu cewa Kwanstantin ne ya ƙirƙiro Triniti a wannan taro. Tarihi bai goyi bayansu ba, domin an yi fiye da shekara 100 ana amfani da kalmar kafin taron, kuma bayan taron wasu sarakunan Rum, har da ɗan Kwanstantin ɗin, sun karkata ga ɓangaren Ariyus, aka kuma kori Atanasiyus, bishop na Iskandariya, daga kujerarsa har sau 5. Hujjar Atanasiyus ita ce ta fi kama ni: idan Almasihu halitta ne, to ba Allah ne da kansa ya zo ya cece mu ba, aike ya yi, kuma halitta ba ta da ikon haɗa halitta da Mahalicci. A shekara ta 381 taron Kwanstantinoful ya kammala maganar a kan Ruhu Mai Tsarki, cewa shi Ubangiji ne mai ba da rai, wanda ake yi masa sujada tare da Uba da Ɗa.

Kalmar "Ɗa" ita ce ta fi sa mutane tuntuɓe, kuma ina ganin tana da hannu a tambayar abokin aikinka. Ikilisiya ba ta taɓa koyar da cewa Allah ya yi aure ko ya haihu irin haihuwar jiki ba, kuma Katolika na gaskiya zai ƙi wannan magana da ƙarfi kamar yadda kowane mai kaɗaita Allah zai ƙi ta. Bisharar Yohanna ta buɗe ne da kiran Ɗa "Kalma", wanda tun fil'azal yake tare da Allah, kuma shi Allah ne. Haihuwar da ake nufi ba ta da rana, ba ta da farko, ba ta da uwa. Babu lokacin da Allah ya kasance ba tare da Kalmarsa ba. Taron Lateran na 4 a shekara ta 1215 ya ma fayyace cewa zatin Allah shi kansa ba ya haihuwa kuma ba a haife shi ba, haihuwar tana bayyana dangantakar Uba da Ɗa ne kawai. Daga nan amsar tambayarka a kan Maryamu ta fito fili. Ba ta cikin Triniti, ba ta taɓa kasancewa ciki ba, halitta ce kamar ni da kai, kuma yi mata sujada zunubi ne. Laƙabin "Uwar Allah" da taron Afisa ya tabbatar a 431 magana ce a kan wanda ta haifa, wato cewa jaririn da ta goya Allah ne da ya ɗauki jiki, ba wai ita ce tushen allahntakarsa ba.

Game da Yohanna 14:28, inda Yesu ya ce Uba ya fi shi girma, sai ka tuna cewa mai maganar Allah ne kuma ɗan Adam ne a lokaci guda, kamar yadda taron Kalsidon ya bayyana a 451. A matsayinsa na ɗan Adam ya ji yunwa, ya gaji, ya yi barci a cikin jirgi, ya yi kuka a kabarin Li'azaru, kuma a wannan matsayi Uba ya fi shi. Bulus ya faɗi haka a Filibiyawa sura 2, cewa ya ƙasƙantar da kansa ya ɗauki surar bawa. Wanda ya ɗauki ayar 14:28 ya manta da 10:30, inda ya ce shi da Uba ɗaya ne, zai koma wurin Ariyus, wanda kuma ya yi akasin haka zai koma wurin Sabeliyus, inda ni na taɓa zama ban sani ba.

Yanzu ba na hana ɗalibai misalai, amma kowane misali na kawo sai mun nemo tare inda ya karye. Misalin rana da haskenta da zafinta yana da kyau wajen nuna cewa babu rana ba tare da haske ba, amma yana iya sa a ɗauka Ɗa da Ruhu abubuwa ne da Uba yake fitarwa, ba su kai shi ba. Misalin ƙwai mai ɓawo da fari da gwaiduwa ya fi kowanne muni a ganina, domin ya yanka Allah kashi uku. Waliyyi Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau take Aljeriya, ya yi shekaru yana rubutu a kan wannan batu har kashi 15, ya kawo misalin tunawa da fahimta da nufi a cikin rai guda, ya kuma kawo na mai ƙauna da abin ƙauna da ƙaunar da ke tsakaninsu, amma shi ma ya amsa cewa kalmomin da ake amfani da su ga ukun an faɗe su ne don kada a yi shiru, ba don sun ƙure maganar ba. Idan Ikilisiya ta kira Triniti "asiri", ba tana nufin a rufe baki a daina tunani ba ne. Tana nufin gaskiya ce da hankali shi kaɗai ba zai gano ta ba sai Allah ya bayyana, kuma ko bayan an bayyana ta ba a kai ƙarshenta. Misali na biyu na Agustin shi ne ya fi taimakon ɗalibaina, domin 1 Yohanna 4:8 ta ce Allah ƙauna ne, ƙauna kuwa tana bukatar wanda ake ƙauna, kuma Allah bai jira sai da ya halicci duniya kafin ya zama ƙauna ba.

Akwai wani saɓani da za ka iya cin karo da shi nan gaba. Mu muna cewa Ruhu yana fitowa daga Uba da Ɗa, 'yan'uwanmu na Otodoks kuma suna tsayawa a kan "daga Uba" kamar yadda yake a rubutun 381. Ƙarin "da Ɗa" ya fara ne a yammacin Turai, Rum ta karɓe shi daga baya, kuma yana cikin abubuwan da suka raba Ikilisiyar gabas da ta yamma, rabuwar da ake dangantawa da shekara ta 1054. Duk da haka ɓangarorin biyu sun yarda da Triniti ɗaya.

Shawarar da nake ba kowane ɗalibi ita ce ya saurari Misa da wannan kunne har tsawon wata guda. Za ka ji kusan kowace addu'a ana miƙa ta ne ga Uba, ta wurin Ɗa, cikin Ruhu Mai Tsarki, kuma gaisuwar da fada yakan buɗe da ita, mai ambaton alherin Yesu Almasihu da ƙaunar Allah da zumuntar Ruhu Mai Tsarki, an ɗauko ta ne daga ƙarshen wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Korintiyawa. Ka kuma samu Katikisim na Cocin Katolika na 1992 ka karanta daga sakin layi na 232 zuwa 267 a hankali, musamman 253 zuwa 255. Ikilisiya ba ta wasa da waɗannan sunaye uku, har ma a shekara ta 2008 Vatican ta yanke cewa baftismar da aka yi da sunan "Mahalicci, Mai Fansa da Mai Tsarkakewa" ba ta inganta ba, sai an yi wa mutumin baftisma yadda ya kamata, domin waɗancan ayyuka ne da ukun suke yi tare, ba su ne sunayensu ba. A ranar taka baftismar za a tambaye ka sau uku ko ka ba da gaskiya, ga Uba, ga Ɗa, ga Ruhu Mai Tsarki, a kuma zuba maka ruwa sau uku da suna guda. Idan ka gama karanta waɗancan sakin layin akwai inda ya shige maka duhu, ka kai wa fadan da ke shirya ku kafin ranar ta zo.